Hasashen da Ya Tsaya a Rabin Hanya: Sharhi a Kan *A Man of the People* na Chinua Achebe

Manazarta sun daɗe suna yaba wa wannan ƙagaggen labari da hangen nesa, domin ya fito ne a watan Janairun 1966, kuma ya ƙare da juyin mulkin soja, daidai lokacin da su Manjo Nzeogwu suka yi nasu a ranar 15 ga wata. Wannan sharhi na ganin cewa yabon ya rufe wani giɓi babba: littafin ya hango juyin mulki, amma bai hango yaƙin basasa ba.

Jigon labarin shi ne cin hanci da handama. Achebe ya gina shi a kan taurari biyu: Cif Nanga, Ministan Al'adu mai fara'a da wawashe dukiyar jama'a, da Odili, malamin makaranta da ya tsaya takara da shi, alhali rabin fushinsa na budurwar da Nanga ya ƙwace masa ne. A nan gwanintar marubucin take, don bai wanke ko ɗayansu ba. Dabar siyasa da maguɗin da ya siffanta sun yi kama da abin da ya faru a zaɓen tarayya na 1964 da na Jihar Yamma na 1965.

Sai dai ƙasar labarin ba ta da suna, kuma gabar jihohi ba ta da nauyi a cikinta. A Nijeriya kuwa, rikicin ƙidayar 1962 da 1963 ya riga ya nuna cewa tsoron danniya tsakanin Arewa da Kudu shi ne gyambon. Shi ya sa kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola ya ɗauki fassarar ƙabilanci. Dokar Ironsi mai lamba 34 ta ƙara wa wutar itace, sannan juyin mulkin 29 ga Yuli da kashe-kashen Ibo a garuruwan Arewa suka biyo baya, har aka ayyana Biyafara a ranar 30 ga Mayun 1967.

A littafin, zuwan soja ne ya rufe labari. A tarihi kuwa, daga nan aka shiga hanyar yaƙi. Don haka ya fi dacewa a karanta shi a matsayin madubin ruɓewar Jamhuriya ta Farko, a nemi musabbabin yaƙin a wajensa.