Tarihin da aka karɓo daga bakin matan Buffalo

A shekarar 1993 ne Elizabeth Kennedy, masaniyar ilimin al'umma, da Madeline Davis, ma'aikaciyar ɗakin karatu, suka wallafa littafinsu mai suna Boots of Leather, Slippers of Gold. Littafin ya bi diddigin rayuwar ƴan maɗigo talakawa a birnin Buffalo na jihar New York a Amurka, tun daga tsakiyar shekarun 1930 har zuwa farkon shekarun 1960. Marubutan sun shafe shekaru 14 suna aikin, suka tattara bayani daga bakin mata 45.

Ƙarfin littafin yana ga zaɓen masu magana. Matan nan ba su bar jarida ko kundin ƙungiya ba, abin da suka bari shi ne tunawa da mashayu da gidajen biki. Lokacin yaƙin duniya na biyu aikin masana'antu ya ba su albashi da ƴancin fita da dare, sai mashaya ta zama mahaɗarsu a ƙarshen mako, duk da samamen ƴan sanda da dukan ƴan iskan gari. Baƙaƙen fata kuwa, da wariya ta tsare su a unguwanninsu, sun fi dogara ga bukukuwan cikin gida, kafin su fara shiga mashayun fararen fata a shekarun 1950. Marubutan ba su yi wa matan kwalliya ba: sun faɗi shan giya da kishi da faɗan da ke tsakaninsu.

Hujjar littafin ita ce, wannan riƙon wuri a bainar jama'a shi ya share fagen gwagwarmayar da ta biyo bayan tarzomar Stonewall ta 1969. A nan ne mai nazari zai ɗan ja da baya. Wadda ta shiga mashaya a 1945 abokan hira da kwanciyar rai take nema. Auna ta da abin da ya faru bayan shekaru 24 yana iya ɗora mata niyyar da ba ta ɗauka ba. Ƙari ga haka, waɗanda suka yarda aka ɗauki muryarsu galibi masu ƙarfin hali ne, matan da suka ɓuya a gidan aure kuwa muryarsu ta yi ƙaranci.

Duk da haka, malamin da ya san aikin tattara tarihin baka, irin wanda cibiyar CELHTO ke yi a Yamai, zai ƙaru da hanyar marubutan: suna gwada bakin wata da na wata, suna bayyana inda suka saɓa, ba su ɓoye saɓanin don labari ya yi daɗi ba. Ko mene ne ra'ayin mai karatu game da rayuwar matan, littafin ya nuna yadda ake rubuta tarihin mutanen da takardun hukuma ba su adana maganarsu ba.