Jinjina ga Maƙera da Kafintocin Gadar Lugga

Sunan Gwamna Lugga gadar take amsawa, amma ba shi ya ɗaure ƙusa ko ɗaya ba. A Zungeru aka kafa ta a 1904, lokacin da garin yake hedikwatar mulkin Turawa a Arewacin Nijeriya. Daga baya aka kwance ta gaɓa-gaɓa, aka kai ta Kaduna aka sake ɗaurawa, kuma a 1956 gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Tana nan har yau a lambun Gamji.

Masu aikin nake jinjina wa. Ƙarfe da katako ba su cika jituwa ba: ƙarfe na miƙewa in rana ta yi zafi, katako na kumbura da damina, ga tsatsa, ga gara. Sai gwani ne ya san yawan tazarar da zai bari tsakanin alluna don ruwa ya zube, ya san allon da ya ruɓe daga jin ƙararsa kawai. Masu fenti ma, da ba a cika kulawa da su ba, su ne suka hana tsatsa cinye ta.

In hanya ta kai ka Kaduna, malam, ka je ka dubi aikin waɗannan bayin Allah. Sun cancanci yabo.