Kiɗan Ginawa da Kuskus: Sharhi Daga Maroko

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in yi sharhi a kan kiɗan da na saurara da girkin da na ci a ziyarar karatu da muka kai ƙasar Maroko a shekarar 2024, sa'an nan in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wani giɓi da ke cikin yadda muke nazarin waƙoƙinmu na baka.

Ginawa dai jama'a ne waɗanda aka kwashe kakanninsu daga ƙasashen baƙar fata aka tsallaka Sahara da su a zamanin cinikin bayi. Babban abin kiɗansu shi ne gimbiri, mai tsirkiya uku kamar molo, wanda ake rufe cikinsa da fatar raƙumi. 'Yan amshi kuwa suna kaɗa wasu ƙarafa da suke kira ƙaraƙib, waɗanda duk Bahaushen da ya san sambani zai gane su nan take. Shugaban makaɗa ana ce masa ma'allam. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin abubuwan gado na duniya, ta kuma sa kuskus a 2020.

Iri biyu na wannan kiɗa na gani. Na farko shi ne na dandali, kamar wanda ake yi a bikin garin Sawira da aka fara tun 1998, inda Ginawa ke haɗa kiɗansu da na baƙi masu jita da algaitar Turawa. Ba shakka wannan biki ya ɗaga darajar makaɗan, ya sama musu abinci, ya kai sunansu Faransa da Amurka. Amma kiɗan dandali na 'yan kallo ne. Ana yanka waƙa don ta dace da lokacin da aka ba ta, ana ƙara sauri don a samu tafi, gimbiri kuma muryarsa mai kauri takan nutse a ƙarƙashin gangunan zamani.

Na biyu shi ne na cikin gida, wanda suke kira lila, wato dare. Ana farawa bayan sallar lisha a kai har asuba. Kafin nan an yi yanka, mata sun wuni a madafa, an tarbi baƙi da madara da dabino, an ci abinci a akushi ɗaya. Daga nan ne ma'allam zai ɗauki gimbiri, ya bi waƙoƙin daki-daki, kowane rukuni da launin tufarsa da turarensa, har launi bakwai. Mai karatu zai ga kamar bori nake bayani, kuma lalle akwai dangantaka. Ba wai ina kare aƙidar da ke ciki ba ne. Tsarin kiɗan ne abin nazarina.

A nan ne girki ya fassara mini kiɗa. Kuskus na Jumma'a turara shi ake yi a madambaci a kan tukunyar miya, kamar yadda iyayenmu ke yin dambu, a sauke, a murje da hannu, a mayar, har sau uku. Akwai kuma na kwali da ake zuba wa ruwan zafi ya nuna cikin minti biyar. Sunansu ɗaya, amma harshe ya san bambanci. To, haka kiɗan dandali yake a gaban na lila. A ganina armashin kiɗan Ginawa yana cikin jinkirinsa da maimaicinsa, da kuma kasancewar masu saurare sun ci tare, sun zama 'yan gida. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Jama'a, mu duba namu. Waƙar niƙa a bakin dutse aka haife ta, lugude a bakin turmi, kiɗan gayya ba ya tashi sai da fura da kunu a gefen gona, kalangun mahauta kuwa yana tare da nama a rumfa. Amma in mun tashi rubuta kundin digiri sai mu kwafo baituka a takarda, mu ƙirga salon kamance da na kambamawa, mu ce mun gama. Ba mu faɗi wa ya yi girki ba, ko wa aka ciyar, ko wane lokaci aka fara. Ga shi injin niƙa ya riga ya kori dutse daga gidaje da dama, tsofaffin da suka san waɗannan waƙoƙi kuma suna ta ƙarewa.

Saboda haka shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce, duk ɗalibin da ya fita neman waƙa a hutu mai zuwa, ya ɗauko murya da hoto, ya zauna har a tashi, ya kuma shiga madafa da littafinsa ya tambayi masu girki abin da suka sani.