Kyarkeci, Kare da Kuɗin Zaman Lafiya

Cikin tatsuniyoyin da La Fontaine ya wallafa a shekarar 1668, akwai ta kyarkeci da kare, wadda ɗalibai da yawa suka haddace a ajin Faransanci. Yunwa ta ƙare kyarkeci, sai ya gamu da kare mai ƙiba, wanda ya yi masa tayin aikin gadi da abinci a ƙoshe. Har ya yarda, sai ya hangi tabon sarƙa a wuyan karen, ya juya ya nufi daji. Hausawa kuwa cewa suka yi zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Malamai kan gwama maganganun biyu kamar kishiyoyi, alhali tarihin Nijar na kusa ya nuna cewa dukansu sun tsallake tambaya guda: wa ya amince, kuma wa ya biya?

Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, da farko ta kwana 15. Aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, don a yanke wa mayaƙa hanyar samun kuɗi. A watan Mayu aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin Cadi. Tsoron na gaske ne, jinin da ya zuba ma na gaske ne, shi ya sa mutanen Yamai da yawa suka ga dacewar matakin. To amma ba baburansu aka ajiye ba, ba kuma gonakinsu na bakin Komadugu suka mutu ba. Kwana 15 suka zama shekaru, a 2017 kuma dokar ta kai wasu sassan Tilaberi da Tawa.

Zancen ya iso gida a ranar 29 ga Mayun 2020, lokacin da majalisar dokoki ta amince da dokar sauraron sadarwar waya da intanet, ƴan adawa kuwa suka ƙaurace. Ayar doka ta 29 ta kundin tsarin mulkin 2010 ta tsare sirrin wasiƙu da sadarwa, sai dai ta bar ƙofa ga doka, kuma ta nan aka shiga. Izinin sauraro na hannun shugaban ƙasa, ba na alƙali ba. A fada da tasha sai aka riƙa cewa mai gaskiya ba ya tsoron a saurare shi.

Wannan magana baƙuwa ce a al'adar Hausa. Bahaushe ya gina zaure don baƙo ya tsaya, ya wajabta sallama kafin shiga, kuma babbar addu'arsa ita ce Allah ya rufa asiri. Abin da yake rufewa ba laifi ba ne: bashi ne, ciwo ne, saɓanin miji da mata ne, tukunyar da ba a ɗora ba ce. Wanda ya buɗe wannan da hannunsa ya ba da mutuncinsa jingina, ba tare da an yanka ranar fansa ba. Masu mulki kuwa suna sauyawa: juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya jingine kundin da ya yi alkawarin tsare sirri, ikon da aka miƙa jiya ya koma wasu hannuwa.

Nan ne tatsuniyar ta gaza. Kyarkecin La Fontaine yana da dajin da zai koma, talakan Boso ba shi da shi. Karin maganar ma ta fifita zaman lafiya a kan sarauta ne, ba a kan mutunci ba. Aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi tambayoyi uku kafin ya ce ya yarda: har yaushe, wa zai sa ido a kan mai sa ido, kuma ta wace hanya abin da aka karɓa zai dawo?