Gawa a Tankin Roka: Wata Kalma a Kan Spaceways

Masu sharhin fina-finan ƙagen kimiyya sun daɗe da yanke wa Spaceways hukunci. A cewarsu labarin kishi ne da zargin kisan kai, aka liƙa masa roka a wutsiya don tikiti ya sayu, mai kallo kuma sai ya gaji da surutun ofis kafin a tashi sama. Maganar surutu gaskiya ce. Amma wanda ya ce rokar ado ce kawai bai kalli fim ɗin da idon basira ba.

Tarihinsa gajere ne. A 1950 George Pal ya zuba kuɗi ya yi Destination Moon mai kala, har ya ci kyautar Oscar ta siddabarun hoto. Robert Lippert, ɗan kasuwar da ya ƙware a fim mai araha, ya yi wuf ya riga shi shiga sinima da Rocketship X-M. Daga baya Lippert ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Hammer na Ingila: shi ya kawo jarumi daga Amurka, su kuma su ɗauki fim cikin rahusa a Bray, bakin kogin Thames. Haka aka haifi Spaceways a 1953, baƙi da fari, minti 76, Terence Fisher ya ba da umarni, labarin kuma daga wasan rediyo na Charles Eric Maine ne. Hatta wasu hotunan tashin roka aro aka yi daga Rocketship X-M. Talaucin fim ɗin ba ya ɓoyuwa.

A sansanin gwajin roka na Deanfield, inda shinge da masu gadi suka killace masana da iyalansu, Injiniya Stephen Mitchell (Howard Duff) ya duƙufa kan harba tauraron ɗan'adam. Matarsa Vanessa ta gaji da zaman kulle, ta faɗa soyayya da wani masani, Philip Crenshaw. Rana tsaka aka nemi su biyun aka rasa, a wurin da ko kaza ba ta fita sai da izini. Rokar da aka harba a daidai wannan lokaci kuma ta kasa kaiwa tsayin da aka lissafa mata.

Nan ne dabarar take, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Mai bincike Smith (Alan Wheatley) bai ga jini ba, bai ga makami ba, bai samu mai shaida ba. Abin da ke hannunsa lissafi ne kurum. Roka ba ta yafe kuskuren awo: an san nauyinta, an san yawan man da aka ɗura mata, saboda haka an san inda ya kamata ta kai. Idan ta gaza, to wani abu ya taɓa man ko nauyin. Sai Smith ya haɗa biyu da biyu: miji ya gano cin amana, ya kashe su, ya rage mai a tanki, ya cusa gawarwakin a gurbin, ya harba su sama. Marubutan labarin bincike sun saba da ɗaki kulle wanda aka yi kisa a ciki. Maine ya ɗauki ɗakin ya jefa shi falaki, yana kewaya duniya a kan kowa, ba ɗan sandan da zai iya buɗe ƙofarsa. Wanda ake zargi ba shi da hanyar wanke kansa sai ya bi shaidar can inda take, a roka ta biyu, tafiyar da ɗan'adam bai taɓa yi ba. A cire rokar daga labarin a gani, zargin ma ba zai samu wurin zama ba. Shekara huɗu kafin Sputnik, takwas kafin Yuri Gagarin, ga fim yana cewa mutum na farko zai je sararin samaniya ne don ya tsere wa igiyar rataya.

Zaɓen Duff ma ya dace. Amurkawa sun san muryarsa a rediyo a matsayin Sam Spade, mai farautar masu laifi. A nan shi ake farauta.

Shingen Deanfield kuwa ba ƙage ba ne ga Baturen Ingila na 1953. An kama Klaus Fuchs na cibiyar nukiliya ta Harwell a 1950 da laifin miƙa wa Tarayyar Sobiyet asiri, Bruno Pontecorvo ya sulale zuwa can a shekarar, Burgess da Maclean suka bi sahu a 1951. Don haka da aka gano Crenshaw da ransa a wani gida a bakin teku, yana shirin ƙetarewa Gabas, masu kallo sun riga sun san irinsa daga jarida.

Soyayyar Mitchell da Lisa Frank ce masu suka suka fi yi wa dariya, kuma a nan ma sun yi gaggawa. Lisa Frank, wadda Eva Bartok 'yar ƙasar Hungary ta fito a matsayinta, masaniyar lissafi ce. Ta fi kowa sanin cewa rokar tana iya ƙin dawowa, ta kuma lallashi abokin tafiyar Mitchell ta shiga a madadinsa. Ba ta yi dogon jawabi ba, ta sa rigar ta hau. Ƙarshen dai an yi shi a gurguje, matsalar inji ta taso ta warware cikin 'yan mintoci, ga alama kuɗi ne suka ƙare.

Destination Moon ya kashe dukiyarsa wajen nuna yadda roka ke aiki, mutanen cikinsa kuwa da wuya a tuna sunan ko ɗaya. Fisher ba shi da kuɗin gina wata, dole ya koma kan fuskoki da ƙananan ɗakuna, inda miji da mata ke shan shayi kowa da abin da yake ɓoyewa. Wannan horon na ƙunci shi ya ɗauka zuwa The Curse of Frankenstein a 1957 da Dracula a 1958, waɗanda masu sharhin nan suke yabo, a wannan gida na Bray, da kasafin da har lokacin bai taka kara ya karya ba.