3.4 Sarrafa Nau'o'in Jimla a Ruwan Bagaja da Shaihu Umar

Kamar yadda aka yi bayani a babi na biyu, manazarta sun kasa jimla ta fuskar ƙira zuwa sassauƙa da harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiya, ta fuskar aiki kuwa akwai ta bayani da ta tambaya da ta umarni da ta motsin rai. Malaman Ingilishi a makarantun sakandare sukan hori ɗalibai da su riƙa cuɗanya waɗannan nau'o'i a insha'i domin kada mai karatu ya ƙosa. Wannan horo yana da kyau, amma ɗalibai da dama sun ɗauke shi tamkar doka ce ta tsawaita jimla. A wannan sashe za a gwada shi a kan littattafai biyu da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Littattafan sun yi tarayya a wajen tsari, domin a kowannensu tauraro ne yake ba da labarinsa da bakinsa. Sai dai sun sha bamban a wajen jimla. A Ruwan Bagaja, duk lokacin da Alhaji Imam ya haɗu da Malam Zurƙe, jimloli sukan gajarce, a sami tambaya da umarni da gatse suna bin juna. Idan an koma kan tafiya daga gari zuwa gari, sai jimlar bayani ta dawo. Ke nan abin da ke faruwa a labarin shi ne yake zaɓen jimlar, shi ya sa raha take fitowa ba tare da marubucin ya ce ga abin dariya ba.

A Shaihu Umar kuwa jimlar bayani ce ta fi rinjaye, ana ɗaure gangunanta da mahaɗai irin su sai da bayan da kuma. Wannan ya dace da mai maganar, domin malami ne dattijo yake yi wa almajiransa bayani cikin natsuwa. Duk da haka, a ganin mai wannan bincike, salon ya rage wa wasu wurare ƙarfi, musamman wahalhalun da mahaifiyar Umar ta sha wajen nemansa. Irin wannan wuri yana bukatar gajeriyar jimla wadda za ta tsayar da mai karatu ya ji zafin abin.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibi Bahaushe yakan kwashi jerin sai ya kai shi cikin Ingilishi, ya yi ta maimaita mahaɗi guda har ƙarshen sakin layi. Idan an yi masa gyara, sai ya koma ɗaya gefen, ya cusa ganguna dogarau huɗu ko biyar a jimla ɗaya har ma'ana ta ɓace. Misali, a ce, "Da kasuwa ta watse, muka duba ko'ina, muka tambayi 'yan dako, ba mu ga yaron ba. Ya ɓata." Jimla ta biyu kalma biyu ce kacal, amma ita ce ta ɗauki nauyin labarin, saboda doguwar da ta gabace ta ta share mata fage.

A taƙaice, littattafan biyu sun nuna cewa canza nau'in jimla yana amfani ne idan ma'ana ce ta nemi haka. Saboda haka ya kamata malamin insha'i, na Ingilishi ko na Hausa, ya riƙa tambayar ɗalibi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan jimla a wannan wuri, kafin ya ƙidaya masa yawan nau'o'in da ya kawo. Sashe na gaba zai duba yadda marubutan biyu suka sarrafa karin magana.