Jinjina ga Masu Kwana a Bakin Rumbun Bayanai

Ƙarfe biyun dare ka tura kuɗi ta waya, suka shiga nan take. Ba ka san a daidai lokacin ana yi wa rumbun bayanan gyara ba. Masu wannan aikin nake yi wa jinjina.

A tsari irin na MongoDB, galibi kwamfutoci uku ne ke riƙe da rumbun: ɗaya na jagoranci, biyu na kwafar duk abin da ta rubuta. Injiniya ya janye mabiyiya ɗaya, ya sa mata sabuwar manhaja, ya mayar da ita, sannan ya zauna jiran ta kamo 'yan'uwanta. A jiran nan ake gane gwani. Mai gaggawa da ya cire biyu lokaci guda ya rushe rinjaye, sai rumbun ya daina karɓar rubutu, ciniki ya tsaya cak. Sai an gama da mabiya jagora take sauka, a zaɓi wata cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan a sabunta tsohuwar jagorar ita ma.

Tun kafin daren injiniyoyin sun gwada komai a kwafin gwaji, sun adana bayanai, sun tanadi hanyar komawa idan abu ya ƙi.